Taurarin Ranar Laraba

"Umma, me ya sa ke sai ba ki ci abinci ba ake ba ki tauraro, ni kuma sai na cinye nawa?"

Kumatu ce ta yi tambayar, 'yata ta fari mai shekara shida, kuma da ƙarfi ta yi ta, a tsakiyar ɗakin awo na asibiti, ina tsaye a kan sikeli ba takalmi. Mata goma sha biyu da ke zaune a kan benci suka kwashe da dariya. Na yi dariyar ni ma, amma ta yaƙe ce.

Sista mai auna mu ba ta yi dariya ba. Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashinta.

"Ba kya cin abinci ne, Maman Kumatu?"

"Ina ci mana, Sista. Shirmen yara ne."

Ta ɗan jima tana kallona, sannan ta rubuta lambar a katina, ta ɓaro ƙaramin tauraro mai ruwan gwal ta liƙa a gefe. Aka tafa mini. Kumatu ta fi kowa tafi. Ranar ce ta fara raka ni, don an yi hutun makaranta kuma ba ni da inda zan bar ta.

Bari in faɗi yadda aka yi na shiga wannan ɗaki. Bayan na haifi ƙanin Kumatu jinina ya hau, ya ƙi sauka. Likita ya ce in ina son kaina in rage nauyi, ya tura ni wani shiri da asibitin ke yi, babu tiyata, babu allura. Ana koya mana yadda za mu raba faranti, a ce mu riƙa tafiyar ƙafa ta minti talatin kullum, sannan duk Laraba a taru a hau sikeli. Wadda ta ragu a ba ta tauraro. Wadda ba ta ragu ba a ce mata sai wani makon.

Kowace da abin da ya kawo ta. Wata gwiwa, wata ciwon suga, wata kuma akwai rigar da take son ta sake shiga. Ni tsoro ne ya kawo ni. Mahaifiyata tana da shekara arba'in da huɗu ta faɗi a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta ƙara kiran sunana daidai ba har ta rasu. Ni na same ta a ƙasa. Duk sanda likita ya ɗaura mini abin awon jini, ba hannuna nake gani ba, Kumatu nake gani tsaye a ƙofar kicin.

Don haka na dage. Ni tela ce, a falo nake ɗinki, zama ya yi mini yawa. Na riƙa goya yaron da sassafe in zaga unguwa kafin in hau keken ɗinki. Na daina shan lemo, na raba shinkafata biyu. Cikin wata biyu na zubar da kilo huɗu, taurari takwas a jere.

Sai abin ya tsaya cak. Mako na tara, babu. Na goma, babu. Na sha ɗaya, sai ma rabin kilo da ya dawo. Sista ta ce haka jiki yake yi, yakan tsaya ya huta, kada in damu. Ta ce jinina ma ya ɗan sauka. Ban ji wannan ba. Gurbi uku da babu tauraro kawai nake gani a katin, kuma duk dare ɗaya sai na lissafa shekarun da suka rage mini in kai arba'in da huɗu.

A cikinmu akwai wata da muke kira Gwarzuwa, don katinta ba gurbi ko ɗaya. Ranar da na fito ido jajir ta tare ni a bakin get.

"Ke ƙanwata, kuka kike a kan tauraron leda?"

"Anti, na yi iya yina."

"Iya yinki na ina? Sikelin nan ba ya gane kitse da ruwa, nauyi kawai ya sani. Ke kina zuwa masa da ciki cike da ruwa kamar randa, ya za a yi ya yi miki kara?"

Ta buɗe jaka ta miƙo mini wani ƙullin ganye a farar leda, babu suna, babu rubutu. Ta ce in dafa in sha kofi ɗaya ranar Talata da safe, ɗaya da yamma, kuma daga wayewar garin Talata kada ruwa ya shiga bakina sai na sauka daga sikeli.

"Rabinmu haka muke yi," in ji ta. "Kin ga waccan mai jan mayafin? Ba ki lura duk Laraba leɓenta kamar ɓawon itace ba?"

Na san ba daidai ba ne. Ba zan yi ƙarya in ce an ruɗe ni ba. Amma na karɓa.

Talatar farko na yi zaryar banɗaki har ƙafafuna suka riƙa rawa. Laraba na hau sikeli, kilo biyu sun tafi. Aka tafa. Kafin Juma'a sun dawo abinsu, amma Juma'a ba a awo. Mako na biyu sai da na ƙara ganyen don in sauka ƙasa da na baya. Saboda kada Baban Kumatu ya tambaye ni, nakan dafa bayan ya fita aiki, in tace, in ɗura a robar lemo, in tura ta can bayan firji. Kalarsa ja-ja ce, ba wanda zai ce ba lemo ba ne.

A mako na uku ne Kumatu ta yi waccan tambaya. A hanyar gida na yi mata faɗa, na ce ba a sa baki in manya suna magana. Ita kuwa tana riƙe da katina tana ƙirga taurarin da yatsa.

Ita taurarinta daban ne. Tana ƙarama ba ta son cin abinci, sai na ƙirƙiro mata wasa: in ta cinye farantinta, in zana mata tauraro da biro a bayan hannu. Wasan ya karɓe ta har ta yi kumatun da suka zame mata suna.

Ranar Asabar gwaggonta, yayar babanta, ta zo karɓar ɗinki. Ta ja kumatun yarinyar tana dariya.

"Kai, 'yar lukuta! Wannan ma sikelin uwarta za ta gada. A fara yi mata kati tun yanzu."

"Yaya, ki bar min 'ya," na ce, ina dariya. Dariya fa na yi.

Bayan ta tafi na ga Kumatu da tef ɗin awona ta naɗa a cikinta, tana leƙa lambar. Na ɗauka wasan tela take yi. Lahadi da Litinin farantinta ya riƙa dawowa fes, da wuri fiye da kullum. Na zana mata tauraro, ta kalle shi, ta goge da yawu. Wannan ma na gani, na ce rigimar yara ce.

Talata ta zo. Na sha kofina na safe, na mayar da robar. Ina da kayan makaranta na yara uku da zan gama, na zauna a kan keke tun ƙarfe tara. Maƙogwarona ya bushe, kaina yana sara, ƙarar keken ta cika falon. Yaron yana barci. Ina jin ƙofar banɗaki tana buɗewa tana rufewa, amma hankalina yana kan allura. Sau nawa ta buɗe? Har yau ina ƙoƙarin tunawa, na kasa.

Wajen ƙarfe biyu zare ya tsinke, keken ya tsaya. A nan na ji shirun. Duk uwa ta san irin wannan shirun.

"Kumatu?"

Babu amsa.

Na miƙe, falon ya juya da ni, na dafa bango har banɗaki. Tana kwance a kan tayil, gefen fuskarta a ƙasa, rigarta ta ɓaci. Idanunta a buɗe amma sun zurma. Leɓenta ya bushe ya yi fari. Na ɗaga hannunta, ya faɗi kamar tsumma.

"Kumatu! Me ya same ki? Me kika ci?"

Da ƙyar ta motsa baki. "Ban ci komai ba, Umma. Wallahi ban ci ba." Kamar mai neman a yaba mata.

A bayan ƙofa na ga robar. Da safe na bar ta ta wuce rabi. Yanzu babu ko ɗigo.

Innalillahi kawai nake iya faɗi. Na sure ta na fita ina buga ƙofar maƙwabciyata da ƙafa. Ta fito da kumfar wanki a hannu, ta ga yarinyar, ba ta tambayi komai ba, ta ce, "Jeki, yaron yana wurina." Na koma na ɗauko ledar ganyen, ban san ma me ya tuna mini ba.

A hawa na biyu muke. Na fara sauka da ita a kafaɗa, ina kai tsakiyar matakala duhu ya rufe mini ido. Tun jiya da dare ruwa bai shiga cikina ba, ga kofin safe yana aikinsa. Na zauna daɓas a kan matakalar, na rungume ta da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe ƙarfe, ina jin kanta yana lilo a wuyana. 'Yata tana buƙatar uwa mai ƙafafu, ni kuma na ƙarar da nawa a kan tauraron leda. Mai shagon ƙasa ne ya ji ihuna, ya hauro ya karɓe ta, ya tare mana tasi.

A ɗakin gaggawa likitar yara ta karɓe mu, wata 'yar siririya mai magana da sauri. Ta ja fatar cikin Kumatu ta saki, fatar ta tsaya a tattare kafin ta koma.

"Me ta sha?"

Na miƙa ledar.

"Mene ne wannan?"

"Shayi ne. Na rage ƙiba."

"Me ke cikinsa?"

"Ban sani ba."

"Nawa ta sha? Ƙarfe nawa?"

"Ban sani ba, likita."

Ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Kira wanda ya ba ki. Yanzu."

Na kira Gwarzuwa. Ta ɗauka da fara'a.

"Ƙanwata, ya Talata? An daure?"

"Anti, me ke cikin ganyen nan? 'Yata ta sha, muna asibiti."

Sai ta ce: "Ganye ne kawai fa. Ni ma wata ce take kawo min."

"Wace ce? Ba ni lambarta."

"Ita ma sarowa take. Ke, don Allah kada ki ambaci sunana a wurin nan. Kuma ke ma da sakaci, ya za ki ajiye abu inda yaro zai kai?"

Ta kashe. Na sake kira, ba ta ɗauka ba.

Suka ce za a yi mata ƙarin ruwa. Nas ta nemi jijiya a hannun dama, babu. A hagu, babu. Ta soka sau uku, kuma abin da ya fi tsorata ni shi ne Kumatu ba ta yi kuka ba. Yarinyar da in ta hango allura daga nesa sai an riƙe ta mutum biyu. Sai a ƙafa aka samu. Likita ta ce za su ɗebi jini su duba ƙodarta da gishirin jikinta, don irin wannan ganyen wanke ciki yake yi, ya kwashe ruwan jiki, kuma jikin yaro ba shi da ruwan da zai yi asara. Ta ce sai sakamako ya fito za ta iya ce mini wani abu.

Na zauna a gefen gadon ina kallon ruwan yana ɗiga. Baban Kumatu ya iso da kayan aikinsa a jiki. Na faɗa masa komai a tsaye, robar, Talata, taurarin. Ya fita, na ɗauka fushi ya yi, sai ga shi da gorar ruwa. Ya buɗe ya miƙo mini.

"Sha."

"Ba zan iya ba."

"Ki sha, Maman Kumatu. Ba zan iya jinyar mutum biyu ba."

Na sha ina kuka, ruwan yana zuba a rigata.

Kafin magariba Kumatu ta buɗe ido sosai. Ta kalli ledar ruwan da ke rataye, ta bi igiyar da ido har ƙafarta, sai ta fara mutsu-mutsu.

"Umma, ki ce su cire. Ruwa ne suke sa min."

"Shi zai warkar da ke, 'yar albarka."

"To ai gobe Laraba."

Babanta ya juya ya fuskanci bango.

Likita ta dawo da takarda ta ce ƙodar lafiya, an kawo ta a kan lokaci, amma za su riƙe ta kwana biyu. Ta ce da an ƙara 'yan awoyi, da maganar da za ta yi mini daban ce. Ba ta faɗi maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Washegari da safe na je gida ɗauko mata kaya. Ina jawo buhun ƙyallayen da ke ƙarƙashin keke sai wari ya buge ni. Shinkafa ce, da burodi, da dafaffen ƙwai guda, abincin kwana uku, duk a cuse cikin ƙyallaye. A ƙasan matashinta kuma na sami wani guntun kwali da ta yanka daidai girman katina. Ta ja layuka da fensir. Ta zana taurari uku, Lahadi, Litinin, Talata. Gurbi na huɗu ta bar shi a buɗe.

Daga nan ban koma ɗakin yara kai tsaye ba. Na bi ta ɗakin awo, ana tsakiyar taro. Gwarzuwa ba ta zo ba. Na ajiye katina da kwalin Kumatu a kan teburin Sista, na faɗi abin da ya faru a gaban kowa. Ban ambaci sunan kowa ba sai nawa. Mai jan mayafi ta sunkuyar da kai. Wata ta ja tsaki ta ce ai ba kowa ne yake haka ba.

Sista ta daɗe tana kallon kwalin. Ta ce, "Ranar da yarinyar nan ta yi tambaya na so in tsare ki, na bari saboda layi. Wannan laifin nawa ne." Sannan ta ce in hau sikeli.

Na hau, cikina cike da ruwa. Kilo huɗu da rabi ne gaskiyata, ba bakwai da ke rubuce ba. Ta ɗaura mini abin awon jini, ta juyo da shi ta nuna mini.

"Kin ga wannan? Ya fi ranar da kika fara zuwa. Tafiyar ƙafarki ce ta yi wannan, ba ganye ba. Abin da kika zo nema kina ta samunsa tun tuni, kika tafi neman tauraron leda."

Daga wannan makon ta daina auna mu a gaban jama'a, sai a bayan labule, kuma kafin ki hau sai kin shanye kofin ruwa a gabanta. Taurarin ma ta mayar da su na zuwa, ba na raguwa ba. Mata uku suka daina zuwa. Ni ina nan. Wata biyar ke nan, kilo biyu kawai na ƙara zubarwa, wani makon ma ba ko ɗaya. Tsoron mahaifiyata bai bar ni ba, amma yanzu in ya taso takalmi nake sawa in fita.

Kumatu ta warke, kumatun ma sun dawo. Na hana gwaggonta taɓa su, har ta yi fushi da ni na mako biyu. Tare muke cin abinci yanzu, a faranti iri ɗaya, tana ganin loma tana shiga bakina. Amma ba a gama ba. Shekaranjiya na zuba mata ruwa a kofi, ta kai baki, sai ta tsaya ta dube ni.

"Umma, yau wace rana?"

Talata ce. Na ce, "Ranar shan ruwa ce," na ɗauki nawa kofin na shanye a gabanta. Sai da na ajiye sannan ta sha nata.

Ke da kike karanta wannan, in kina cikin irin shirin nan, ki ci gaba, yana aiki, sai dai a hankali yake yi. Amma tashi yanzu ki buɗe firjinki da jakarki. In akwai ganye ko ruwa ko ƙwaya da ba za ki iya faɗa wa likita abin da ke ciki ba, ki zubar da shi yau, kada ki ce sai bayan awo. Kuma kada ki ƙara hana kanki ruwa ko abinci kina zaton ba wanda ya gani. 'Yarki tana gani, kuma jikinta bai kai rabin naki ba.